Bazazzagin Mai Wurno da ya fitar da ni daga Hartum

Yaƙin Sudan ya same ni babu fasfo a hannuna. Na miƙa shi a wani ofishi don a sabunta mini izinin zama, aka ce in dawo bayan sallah. Sai ga shi ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, ana azumi na 24, sojojin Janar Burhan da dakarun RSF na Hamidti suka buɗe wa juna wuta a tsakiyar Hartum, unguwar da ofishin yake kuwa tana cikin wuraren da aka fara gwabzawa. Allah ya taimaka iyalina sun tafi Kano tun kafin a kama azumi. Ni kaɗai na rage, ina shekarar ƙarshe ta neman ƙwarewa a aikin fiɗa a wani asibiti da ke kudancin birnin.

Wanda ya shirya fitata daga farko har ƙarshe abokin aikina ne, likitan da ke sa majiyyata barci idan za mu yi tiyata. Haɗuwarmu ta farko a ɗakin tiyata aka yi ta. Jini ya ƙi tsaya mini, na yi ƙunƙuni da Hausa ni kaɗai, sai na ji daga bayan labulen da ke kan majiyyaci an ce, "A hankali dai, Bakano, ba Kantin Kwari kake ba." Ɗan garin Mai Wurno ne, a bakin kogin Nilu kudu da Sinnar, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa da jama'ar da suka ci gaba da hijira bayan Turawa sun kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Kakan babansa yana cikin ayarin, kuma daga ƙasar Zazzau ya fito. Da muka gano haka sai wasan Kanawa da Zage-zagi ya tashi a tsakaninmu, har nas-nas suka riƙa zaton sunana ke nan, Bakano.

Ya girme ni da 'yan shekaru, kuma mutum ne mai jan mutane zuwa gida. Duk Juma'ar da ba ni da aiki sai ya ɗauke ni zuwa gidansu a unguwar Ingaz, Hajiya mahaifiyarsa ta sa a kawo kisra da miya, in an gama a dafa gahawa a jabana a yi ta hira har magariba. Bai tsaya nan ba. Bikin ƙanwarsa a Madani, sai da ni. Gaisuwar mutuwa a Mai Wurno, sai da ni. Sunan ɗan wansa a Gadarif, nan ma sai da ya sa aka canza mini ranar aiki. Na sha yi masa ƙorafi, don mai neman ƙwarewa barci ma ba ya isarsa balle yawon dangin wani, amsarsa kullum ɗaya ce, zumunci a ƙafa yake. Shi ma ya rama, ya zo Kano bikin ƙanena, yara suka yi ta dariyar Hausarsa mai gauraye da Larabci. Na kai shi Zariya muka shiga ta Ƙofar Doka muna tambayar gidan kakanninsa, ba wanda ya san sunan. Bai damu ba. Ya ce da ma yawon ganin gari ya zo, kuma ya tabbatar Zariya ta fi Kano hankali.

Raunin harsashi ba baƙonmu ba ne. Mun gan shi a 2019 lokacin da aka kifar da Albashir, mun sake ganinsa bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021, lokacin da duk ranar zanga-zanga ake kawo mana samari. Amma wancan na yini ɗaya ne, gari ya waye a sake kawo kayan aiki. Wannan karon ba a kawo komai. Muna kusa da Madina Riyadiya, inda RSF ke da sansani, jirage na wucewa ta kanmu, wutar lantarki ta ɗauke, famfo ya ƙafe, ma'aikatan da ya kamata su karɓe mu sun kasa fitowa daga gidajensu. Waɗanda yaƙin ya rutsa da su a bakin aiki su ne ma'aikatan asibitin, sai samarin unguwa na kwamitocin sa-kai da suka zama masu ɗaukar majiyyata da masu neman man janareta.

A cikin makon nan na ga abin da likitan barci yake iya yi da hannu biyu da allurar ketamin. Iskar oksijin ta yi ƙaranci, saboda haka ya daina sa wa mutane bututun numfashi sai in babu makawa, ya koma ketamin, wadda ke barin majiyyaci yana numfashi da kansa kuma ba ta faɗar da bugun jini. Shi ke tsayawa a ƙofa yana ware wanda za a shiga da shi yanzu, da wanda zai iya jira, da wanda sai dai a ba shi maganin zafi a kira danginsa. Wannan kaso na uku ya ɗauke mini shi gaba ɗaya, bai taɓa barin ni na faɗa wa uwa ba. Ni kuma nawa shi ne in tsayar da jini, in wanke rauni, in yanke mataccen nama, in bar shi a buɗe. Ba a ɗinke raunin harsashi nan take, sai bayan kwana 4 ko 5 in an ga bai ruɓe ba. Dangi ba sa son jin haka, gani suke an bar musu aiki rabi, sai ya fito ya yi musu bayani da irin Larabcin da ni ban kai ba. Fayil kuwa mun daina dogara da shi. A jikin filasta muke rubuta abin da aka yi wa mutum da ranar da za a buɗe ciwon, don ko ina ya faɗa wani likitan zai karanta.

An yi sallah ranar Juma'a 21 ga wata. Ba mu je idi ba. Bayan 'yan kwanaki aka sanar da tsagaita wuta ta awa 72 wadda Amurka ta shiga tsakani, ƙasashe suka shiga kwashe mutanensu. A ranakun ne shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce kashi 61 cikin 100 na cibiyoyin lafiya a Hartum sun rufe, kashi 16 kacal ke aiki yadda aka saba. Namu yana tsakani, bai rufe ba, bai kuma cancanci a kira shi asibiti ba.

Shi ya fara ɗauko maganar. Muna zaune a bayan ɗakin tiyata ya ce, "Bakano, gobe za ka tafi." Na ce ina majiyyatan da na bari a buɗe? Ya ce akwai babban likitan fiɗa ɗan unguwar da ya samu hanyar isowa, shi zai karɓa. Ya ce ni baƙo ne, ba takarda, Larabcina da jin sa an san na koyo ne, ranar da aka tare ni ba mai zuwa belina. Sai na juya masa zancen. Na ce to mu tafi tare, ai ana ɗaukar sunayen 'yan Najeriya, Hausa a bakinka, kakanka Bazazzagi, wa zai ce kai ba namu ba ne? Ya daɗe bai yi magana ba. Da ya buɗe baki ba da wasa ya amsa ba. Ya ce a 2022, lokacin da aka kashe Hausawa a rikicin jihar Nilu Shuɗi, abin da aka riƙa jifansu da shi ke nan, wai su baƙi ne su koma inda suka fito. "In na hau motar nan na sa musu hannu ke nan. Kabarin kakannina uku a Mai Wurno yake." Ban sake tayar da maganar ba.

Daga nan ya ɗauki fitata kamar yadda ake tura majiyyaci wani asibiti, komai a rubuce, kowane zango da mai karɓa.

Da farko suna. Shugabannin ɗalibai sun buɗe zaure a WhatsApp ana tara sunayen 'yan Najeriya, na sa nawa da lambar fasfo, don ina da hotonsa a waya. Motocin da gwamnati ta yi haya daga Jami'ar Afirka suke tashi, rukunin farko ya nufi iyakar Masar. Abokina ya ce kada in bi su. Mai fasfo ma sai ya yi da gaske a wannan iyaka, balle mai hoton fasfo. Ya ce in nufi Fot Sudan, inda ofisoshin jakadanci suka koma, can ne za a iya ba ni takardar tafiya ta gaggawa. Ya yi daidai, don waɗanda suka bi ta Masar sun kwana da yawa a bakin iyaka kafin a bar su su shiga.

Sai kuɗi. Bankuna a rufe, katin naira a lokacin ba ya aiki a waje, kuɗin mota kuma ya ninka sau da yawa a cikin mako guda. Abin da ya rage wa mutanen Hartum shi ne manhajar Bankak a waya, in an samu intanet. Yayana ya je Wapa ya ba wani ɗan canji naira, ɗan canjin ya kira abokin huldarsa a Gadarif, shi kuma ya turo fam ɗin Sudan cikin asusun abokina. Wani mai shago a unguwar ya karɓi turin ya ba mu takardun kuɗi, ya cire nasa kason mai tsoka. Abokina ya raba kuɗin gida uku: kaɗan a aljihun gaba don masu shinge su samu abin ɗauka, wasu a cikin safa, sauran Hajiya ta ɗinke su a ƙugun wandona da hannunta.

Wayata ma sai da aka yi mata tiyata. Duk hotunan raunuka da nake ɗauka don littafin ƙwarewa ya sa na tura wa matata na goge, saboda mai shinge in ya ga hoton soja a kwance ba zai tsaya jin bayani ba. Katin shaidar asibiti ya karɓe. A lokacin labari ya bazu cewa ana ɗauke likitoci a kai su yi wa mayaƙa aiki, likitan fiɗa kuwa shi ake nema ruwa a jallo. Ya ba ni tsohuwar jallabiyarsa da hula, ya ce daga yau kai ɗalibin Alƙur'ani ne, in an tambaye ka ka amsa a taƙaice, kada ka nuna ka iya Larabci da yawa, kada kuma ka kalli kowa a ido.

Abu na ƙarshe shi ne miƙa aiki, kuma shi ya fi ci mini rai. Muka zaga gado-gado da likitan da zai karɓa, ina faɗin abin da na tarar a cikin kowa da abin da nake tsoro. Akwai wani yaro da na yanke wa hanji na fito da bakinsa ta ciki, na yi wa babansa alkawarin ni zan mayar masa bayan wata uku. Uban ya riƙe hannuna yana ta godiya, bai san sallama nake yi ba.

Mun fita da asuba a wata ƙaramar bas da samarin unguwa suka samo. A ciki akwai Hajiya, da jikokinta, da masu wankin ƙoda da suka kwana biyu ba a yi musu ba, ƙafafu sun kumbura, ana fatan a samu inji a Madani. Insulin ɗin Hajiya yana cikin ɗan tulu da aka naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Daga Hartum zuwa Madani kusan kilomita 190 ne, tafiyar da muka saba yi kafin azahar, ranar sai da ta ci yinin. Shingayen farko na RSF ne, yara ƙanana da rawani da bindiga, wasu ba su kai ƙanena ba. A ɗaya aka sauke maza, aka karɓi wayoyi. Wanda ya zo kaina ya tambayi ƙabilata, kafin in amsa Hajiya ta leƙo ta taga ta ce, "Ɗana ne, almajiri ne, ba ya jin magana sosai." Ya zaro kuɗin aljihun gaba ya ce in hau. Bayan mun wuce Bagir sai shingayen soja, su kuma tambayarsu daban, suna neman wanda ya yi kama da mutanen yammacin Sudan. Kowane ɓangare da irin fuskar da yake zargi.

A Madani gidan gwaggonsa muka sauka, gidan da na ci tuwon biki a tsakar gidansa. Yanzu tsakar gidan cike take da mutanen Hartum a kan tabarmi. Gwaggo ta gan ni ta ce, "A'a, Bakanon nan ne? Ka rame, ɗan nan." Ba wanda ya tambaye ni takarda. Abokina bai zauna ba, ya kai masu wankin ƙoda asibiti, ya bi shagunan magani yana tattara ketamin da ledar ƙarin ruwa da zaren ɗinki. Washegari ya kai ni tasha, ya damƙa mini takarda mai sunaye da lambobin waya, zango-zango har bakin teku. Ya ce, "Kuɗin jallabiyata bashi ne, na san halin Kanawa." Ya juya ya hau motar da za ta koma Hartum, ita kaɗai ce a tashar babu cunkoso.

Daga Madani zuwa Fot Sudan kusan kilomita 1,000 ne. Muka haye gadar Hantub muka bi ta Fau zuwa Gadarif, inda wansa, wanda na je sunan ɗansa, ya zo tasha da kansa ya tafi da ni gida. A Kasala, ƙarƙashin duwatsun Taka, wani abokin karatunsa mai shagon magani ya karɓe ni, ya samo mini kujera a motar da aka ce ta cika. Ni da nake ƙorafin yawon biki, ga shi kowane gida da na taɓa cin abinci a cikinsa ya zama masauki. Daga Kasala hanya doguwa ce, fako da zafi, sai an wuce Haya da Sinkat a gangaro ta cikin duwatsu zuwa Sawakin, tsohuwar tashar da alhazanmu na ƙafa suke hawa jirgin ruwa zuwa Jidda.

Fot Sudan ta cika ta batse. Jiragen ruwan Saudiyya suna kwasar mutane zuwa Jidda, kowace ƙasa da inda 'yan ƙasarta suka yi sansani, ga zafi mai ɗanɗanon gishiri. Na samu inda 'yan Najeriya suke, na ba da suna aka duba a jerin. Masu fasfo layinsu daban. Mu marasa shi sai an yi mana tambayoyi: jiha, ƙaramar hukuma, unguwa, sunan hakimi, me ya kawo ka Sudan. Hoton fasfona da na izinin zama da ke waya su suka sauƙaƙa mini, aka ɗauki hotona, aka cika takardar tafiya ta gaggawa, wadda amfaninta tafiya ɗaya ce zuwa gida. Daga nan sai jira, kullum da safe a kafe sunayen masu tashi.

A layin marasa fasfo na ga abin da abokina ya ƙi. Mata da tsofaffi, Hausa tsantsa a bakinsu, an haife su a Sudan, iyayensu ma haka. A tambayi tsohuwa garinsu ta ce Katsina, a ce wace unguwa ta yi shiru. Wasu ba su da takardar Sudan ba su da ta Najeriya. Ban ga laifin masu tantancewa ba, kujerun jirgi a ƙidaye suke, kuma dole a san wa aka ɗauka. Amma wanda kakansa ya taka daga Katsina zuwa nan da ƙafa don ya sauke farali, ban san wace takarda za a nema a wurinsa da ta wuce harshen da yake magana da shi ba. Da aka gane ni likita ne sai na koma duba masu hawan jini da masu gudawa a ƙarƙashin rumfa, jiran ya yi mini sauƙi.

Rukunin farko, na waɗanda suka bi ta Masar, ya sauka Abuja ranar 3 ga Mayu. Namu na Fot Sudan jiragen Tarco ne suka riƙa ɗauka bayan nan, kaɗan-kaɗan. Da sunana ya fito ba ni da kaya sai leda ɗaya. A Abuja aka ɗauki bayananmu, aka ba kowa kuɗin mota, na kama hanyar Kano da jallabiyar Bazazzagi a jikina.

Shi kuwa yaƙin ya yi ta tura shi gaba. Ya yi watanni a Hartum ba albashi, sannan ya koma Madani, RSF ta kama Madani a Disamba 2023. Ya kwashe Hajiya zuwa Mai Wurno, da aka kama Sinja, babban birnin jihar, a tsakiyar 2024 suka sake tashi zuwa Gadarif, inda likitan barci ya koma jinyar masu kwalara. A Fabrairu 2024 aka katse layukan waya a yawancin ƙasar, na yi makonni ban san ko yana raye ba, sai ga saƙon murya ta Starlink (intanet na tauraron ɗan'adam) ɗin wani mai shago, yana tambaya ko har yanzu Kanawa na sayar da ruwa a matsayin turare. Duk lokacin da ya samu intanet yakan turo mini hoton ƙashi ko na ciwo, don sau da yawa wanda ke riƙe da wuƙa a gabansa sabon likita ne, ni kuma in zana inda za a yanka in mayar. Kuɗi in na tura don kansa ba ya karɓa. Sai na koma cewa na magani ne, ta hannun ɗan canjin nan na Wapa, wannan yana karɓa har ya turo rasit.

Soja sun karɓe Madani a Janairu 2025, suka karɓe tsakiyar Hartum a Maris. Da hanya ta buɗe ya je ya duba gidan da nake haya. Ba ƙofa, ba firji, har wayoyin wuta an zare daga bango. Littafin da nake rubuta tiyatocin da na yi yana ƙasa cikin tarkace, ba wanda ya ga amfaninsa. Ya ɗauki hoton kowane shafi ya turo, ya bi malamanmu da suka watsu tsakanin Alƙahira da Riyad da Atbara har ya samo sa hannun biyu daga cikinsu, da su na shigar da takarduna a nan don a lissafa mini shekarun da na yi. Na tambaye shi yaron nan mai hanji a waje. Ya ce likitan da na miƙa wa ya mayar masa a Madani kafin garin ya faɗi, uban kuma har yanzu in sun haɗu sai ya tambayi ina likitan nan ɗan Najeriya da ya ce zai dawo bayan wata uku.